Tuntuɓen Tsoho Kaeso

Numeriyus mai wanki ya yi furfura a birnin Rum bai mallaki ko ƙwarya ba. Hatta kwamin da yake tattaka rigunan mutane cikin tsohon fitsari don su yi fari, ba nasa ba ne. Ba ragwanci ya jawo ba. Ubansa, tsoho Kaeso, yana raye, kuma muddin uba na numfashi, ɗa da abin da ɗan ya haifa duk a tafin hannunsa suke.

Matarsa Statiya ta sha ɓari kafin ta haifi mace mai rai, wata hantsi. Ungozoma ta kwantar da jaririyar a ƙasa yadda aka saba, ana jiran mai gida, tsoho Kaeso. In ya ce a ɗauka, ta zama 'yar gida. In ya juya baya, sai kasuwa. Numeriyus ya durƙusa yana kallon wani jan tabo a bayan kunnen jaririyar.

Tsohon ya zo shiga, ƙafarsa ta bugi dutsen dokin ƙofa, ya yi tuntuɓe.

"Alloli sun yi magana," in ji shi. "A fitar da ita."

"Baba, dutsen ne ya girgiɗe! Tun bara nake cewa zan gyara."

"To, wa ya hana ka gyarawa in ba su ba? Kai ka fi su sani, mai warin fitsari?"

Statiya ta rarrafo cikin jini ta kama ƙafar mijinta. "Numeriyus, ɗauke ta! Ga ta nan a gabanka, ɗauke ta mana!"

Ya ɗauke ta, amma zuwa gindin ginshiƙin kasuwar ganye, inda ake ajiye irinsu. Ya laɓe bayan mai albasa har wata dillaliyar bayi ta zo ta jujjuya ta kamar mai taya kaza, ta tafi da ita. Washegari ya gyara dutsen, yana kuka kamar ransa zai fita.

Statiya ba ta sake haihuwa ba, ba ta kuma sake kiran sunansa ba. Tsohon ya mutu a ƙoshe, kuma kowace safiya Numeriyus ne ke zuba masa giya a wurin tsafin gida, don kuwa haka ɗan kirki ke yi. Duk baiwar da ta kawo wanki kuwa, sai ya saci kallon kunnenta, har unguwa ta sa masa suna tsohon banza.

Ran nan wata budurwa ta shigo da ƙullin kaya a ka, ƙarfen bauta a wuya. Ta juya, ga jan tabon.

"Baba, a ƙasa zan ajiye?"

"A'a!" Ya yi wuf ya karɓe ƙullin ya rungume a ƙirji.

"To, yi sauri," ta ce. "In na daɗe uwar ɗakina dukana take."