Hannun da ke Gefen Hoton

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar kakata, Inna Dije, a ƙauyenmu da ke bayan Makoda. Allah ya jiƙanta. Ba ta bar gona ko shanu ba. Abin da aka yi ta gardama a kai bayanta wani tsohon hoto ne baƙi da fari, da aka tarar a ƙasan kwallarta, naɗe cikin ɗankwali.

Yaro ne da bai fi shekara biyu ba, an tsayar da shi a kan kifaffen turmi, an kifa masa hular manya har kunne. Ya zare ido kamar za a yi masa allura. Babu suna a baya. Na san hoton tun ina ƙarami, don ni ne angonta mai birkita mata kaya. In na ce, "Tsohuwa, wane ne wannan mummunan?" sai ta fizge ta ce, "Wani yaro ne. Tashi ka ba ni wuri."

Baffa Sale, autanta, ya rantse shi ne. Gwaggo Hansai ta ce ɗan maƙwabta ne da ƙyanda ta ɗauke. Mahaifina kuwa, ɗan farinta, ko kallon hoton bai yi ba. Tun yaye aka kai shi riƙo wajen kakansa a Dawakin Tofa. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake zaune, saboda kunyar ɗan fari. Ya san al'ada ce, amma ya taɓa ce mini, "Ni ban san hannun uwa ba." Maganar nan ta daɗe tana ci mini rai.

Bara, da Baba ya kwanta rashin lafiya, na ɗauki hoton da waya na ƙara girmansa. A can gefe, inda muke zaton tabo ne, ashe hannun mace ne ya damƙi rigar yaron ta baya kada ya faɗo. Ƙaramin yatsan a karkace yake. Duk wanda ya ci tuwon Inna ya san yatsan nan, taɓarya ce ta daka shi tun tana yarinya. To, Inna ba ta jin nauyin sunan Sale, da shi ma take zaginsa. Yaro ɗaya ne a duniya za ta ce wa "wani yaro". Ina kyautata zaton da za a tafi da Baba riƙo ne ta sa aka ɗauki hoton.

Da za ta ga 'yan matanmu na yau suna rungumar 'ya'yan fari a bainar jama'a, suna cika waya da hotunansu, da ta riƙe baki ta ce, "Oh ni Dije, rashin ta-ido!" Ban ga laifinsu ba. Amma wallahi ina alfahari da matar da ta kiyaye kunyarta har kabari, ba ta kuma saki ɗanta ba.

Na kai wa Baba wayar. Ya daɗe yana kallo, ya ɗora babban yatsansa a kan hannun, ya ce, "Ashe ta riƙe ni."

Ya warware, alhamdulillahi. Yanzu hoton yana aljihunsa, ba ya bai wa kowa aro. In jikoki suka tambaye shi wane ne, sai ya ce, "Wani yaro ne da uwarsa."