Rumbun da Gado Ya Liƙe

Gado manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Yelu, ba nisa da Gaya. Abu biyu ya gada wajen ubansa: fadamar shinkafa, da ɗabi'ar gidansu cewa namiji ba ya bari a ga gindin rumbunsa. A 1984, zamanin soja, damina ta ƙi. Hatsinsa ya ƙare tun sanyi bai fita ba. Sai ya kwaɓa laka ya liƙe bakin rumbun, kamar mai ajiyar baɗi.

Matarsa Ajuma ta ce, "Malam, iska kake rufewa kar ta gudu?"

"Ke dai yi shiru. Maƙwabta na da ido."

Da kamyo, babbar motar kaya, ya kawo dawar agaji, sufurefe, wakilin gwamnati a Gaya, ya bar rabon a hannun majalisar ƙauye, mutum bakwai, Hasan ƙanen mai gari ne a gaba. Suka yanke a bi gida gida, wanda aka tarar rumbunsa buɗe wayam a ba shi. A ido, adalci ne. Amma Hasan ne ya kawo shawarar. Tare suka yi kiwon awaki da Gado, ya san halinsa sarai, kuma ya daɗe yana haɗiyar miyau kan fadamar nan da ke manne da tasa.

Da suka iso, Hasan ya ƙwanƙwasa rumbun. Kowa ya ji ƙarar fanko.

"Yaya Gado, ma sha Allah, kai kam ka tsira. Ko mu fasa mu duba?"

Jama'a na tsaye, har da surukin Gado. Gado ya yi murmushi. "Ku ba mabukata."

Sauran shidan suka sunkuyar da kai. Kason Gado ai cikin nasu zai faɗa.

Ajuma ta taka da ƙafa har Gaya ta kai kuka. A biro, ofishin sufurefe, aka ce mata, "Majalisarku ita ta san ku, baiwar Allah. Koma wajenta."

Sati uku bayan haka ƙafafun ɗiyarsu Ramatu suka fara kumburi. Gado ya tafi gidan Hasan, ya bar masa fadamar a gaban shaidu biyu, 'yan majalisa. Aka ba shi buhu biyu, tambarin agaji na jikinsu.

"Kar ka ce saye na yi, Yaya," in ji Hasan. "Zumunci ne."

Dawar ta kai su wata biyu. Kafin ruwan farko Gado ya sauka Gaya, yana dakon kaya a bakin gadar Malanbil ta kan iyaka. Bai sake noma ba.