Bakari Mai Naɗin Koyil da Ƙusar Malama Lizzy

Malam Bakari ya shigo Gombe a shekarar 1984, bayan cutar bushiya ta cinye garken mahaifinsa a yankin Kwadon. Bai yi boko ba. Wani Bakano mai gyaran fanka ne ya koya masa naɗin koyil, wato nannaɗe wayar jan ƙarfe a cikin fanka ko injin niƙa idan tsohuwar ta ƙone. Daga baya ya kafa rumfarsa a unguwar Bagadaza. Abin da aka san shi da shi shi ne gwangwanin ƙwallon dabino: duk zagaye goma sai ya jefa ƙwallo ɗaya a ciki, kuma ba ya amsa gaisuwa sai goman ta cika.

A shekarar 2016 wata sabuwar malamar fiziks, Lizzy, 'yar Billiri, ta zo rumfar da hantsi. Aikin gwaji take yi a wata sakandare mai zaman kanta, washegari kuma shugaban makarantar zai zauna a ajinta ya yanke ko za a tabbatar da ita a aikin koyarwa. Darasin shi ne yadda lantarki ke mayar da ƙarfe maganaɗisu. Ɗalibanta sun naɗa waya a jikin doguwar ƙusa, an haɗa da batir, amma ƙusar ta ƙi ɗaukar ko da allura ɗaya. Ta sauya batir sau uku. Ta kankare bakin wayar. Shiru.

"Baba, wayar da ka sayar mini ce ba ta da kyau," in ji ta.

Sai da ya jefa ƙwallo a gwangwani sannan ya ɗago. "Malama, wayata ta fi wani auren daɗewa. Kawo in gani."

Ya juya ƙusar a tafin hannunsa, ya bi naɗin da farce. "Mutum nawa suka naɗa wannan?"

"Biyu. Yusra ta fara, Kenneth ya ƙarasa. Ina so kowa ya sa hannu."

"Zama suka yi suna fuskantar juna, ko?"

Ta ce haka ne. Ya yi murmushi, ya nuna mata tsakiyar ƙusar, inda wayar ta lanƙwashe ta koma baya. Yusra ta naɗa hamsin ta wannan gefe, da ta miƙa wa Kenneth sai ya naɗa hamsin ta ɗaya gefen. "Kin ɗaura shanu biyu a garma ɗaya, ɗaya na duban gabas, ɗaya yamma. Ina za su?"

Lizzy ta riƙe baki. Ta san dokar a littafi: juyin lantarki a waya shi ke sa kan maganaɗisu ya zama arewa ko kudu, don haka rabi ya kashe rabi. Ba ta taɓa neman ta a jikin ƙusa ba.

Ta nemi ya sake naɗa mata. Ya ƙi. Ya ce ta kai ƙusar aji yadda take, yaran su ga ta ƙi, su warware rabin da hannunsu, su naɗa ta gefe guda. Soma darasi da abin da ya ƙi aiki a gaban shugaba ba ƙaramin kasada ba ne. Haka dai ta yi. Da Kenneth ya gama gyara naɗin, ƙusar ta kwashi allurai goma sha ɗaya, da aka cire batir suka zube a tebur. An tabbatar da ita a ƙarshen makon.

Tun daga nan, kowace shekara takan kawo ɗalibai rumfar, ya zura maganaɗisu cikin koyil su ga allurar mitarsa ta awon lantarki ta motsa, ya tsayar da hannu su ga ta koma ta kwanta. Idanunsa sun yi rauni yanzu, amma yana nan yana naɗi. Ɗaliban sun san ƙa'ida: a jira ƙwallo ya faɗa gwangwani kafin a gaishe shi.