Katakon Jirgin Tamba

Labbo ɗan masuntan Argungu ne, amma boko ya tsamo shi daga ruwa ya shanya shi a ofis a Birnin Kebbi har shekara talatin da biyar. Da ya yi ritaya, tsararrakinsa suka nufi fadamar Ambursa noman shinkafa. Shi kuwa bawan Allah sai ya kinkimo injin goge katako ya girke a zauren gidansa na Gwadangaji. Inji ne mai baki gaba da baya: ka tura katako ta nan, ya fito ta can sumul. Kukansa kuwa, kajin unguwa ma sun sauya hanya.

Kujeru ya yi ta yi, wasu har suna zaunuwa.

Abin da ke cinsa dai ba kujera ba ne, gulbi ne. Mutumin da in an yi ruwan sama yakan tsaya bakin kwata yana kallonta, ai ka san da abin da ya rasa.

Wata rana ya je gida Argungu ya tarar ƙanensa Junaidu ya farfasa tsohon jirgin mahaifinsu, marigayi Tamba, yana bandar kifi da shi. Katako guda ya rage, na maɗaci, daga gefen jirgin. Labbo ya rungumo shi har Gwadangaji, ya ce tebur zai yi, ya riƙa cin tuwo a kai.

Ya zare ƙusoshi, ya jira aka kawo wuta, ya tura. Katakon ya shiga a lanƙwashe, ya fito a lanƙwashe. Shi wannan inji danne katako yake ya aske shi, da ya sake shi sai ya koma yadda yake. Kauri yake ragewa, ba ya gyara hali. Labbo ya sani sarai, amma ya sake turawa. Ya kuma. Baƙin bayan jirgi ya tafi, jan maɗaci ya fito, zaure ya cika da ƙamshin laka da ƙarnin kifi. Ya tsaya yana shaƙa kamar an buɗe masa tukunya.

Ƙarnin ne ya fito da matarsa Baiwa.

"Malam, kihi kaka gasawa ba ka kira ni ba?"

"Tebur nika yi."

"Wanga? Shekara hamsin yana kwance bisa ruwa a karkace, kai za ka miƙe shi da azahar guda? Kai da ofis ya lanƙwasa, wa ya miƙe ka?"

Ya juya katakon zai tura ɗaya fuskar, ta cikin jirgi. Baiwa ta dafa katakon.

"Wanga ramin fa, ina za ka aza kwano?"

Ya duba. Wani ɗan kwarmi ne mai santsi, a tsakiyar sawun gizago. Nan Tamba yake tokara gwiwa in zai jefa birgi, ragar kamun kifi. Nan kuma Labbo yake jingina kai yana yaro, in rana ta yi zafi a kan hanyar Augie. Turawa ɗaya, da ya bi garin katako zuwa shara.

Ya kashe inji. Ya daɗe da tafin hannunsa cikin kwarmin.

Tebur dai bai samu ba. Ƙafafu gajeru ya kafa wa katakon, ya bar shi da lanƙwasarsa, ga shi ya yi siriri har yana lotsawa in an zauna. Kullum bayan la'asar za ka gan shi ƙofar gida a kai, gwiwa cikin kwarmi, yana ɗan rangaji, ya fuskanci hanyar Argungu. In Baiwa ta kawo masa fura, sai ta tsaya nesa kaɗan ta ce:

"Mai jirgi, matso gaɓa ka amsa, ni ban iya ruwa ba."