Dattijon da ya bi ni saboda jita

"Ɗana, ta wace hanya kake komawa gida?"

Ranar kasuwar Ƙanƙara ce, ina rataye da jitata zan je gwaji wurin abokaina, mu da muke kaɗa kiɗan Turawa na rok a wajen biki. Dattijon da ya yi tambayar kuwa tun daga layin masu hatsi yake biye da ni.

Kun san halin da muke ciki. Yanzu baƙo ya tambayi hanyarka, infoman 'yan bindiga za ka fara kawowa a rai.

Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce daga Ruwan Godiya yake, wai da ƙuruciyarsa kiɗan jaz yake kaɗawa a wani otal a Kaduna. Ban yarda ba. Na miƙa masa jitar, amma ban saki igiyar ratayawa ba.

Ya ɗan murɗa tsirkiya ɗaya, ya fara kaɗawa a hankali. Wallahi har mai rake na gefenmu ya ajiye wuƙarsa.

Ya ce, "Ku yaran yanzu dukanta kawai kuke yi. Bari in zo gidanku in nuna maka."

Na ce, "Baba, mu dai haɗu nan kasuwa mai zuwa."

Ya ce, "Ka yi daidai. Ni ma ba zan faɗa maka nawa gidan ba."

Jita ɗaya muke riƙe da ita, kowa na tsoron ɗan'uwansa. Jama'a, in ku ne za ku koma?