A'ar da na kasa faɗa wa taubashina

Shekarun baya kaɗan, ina aiki da wata 'yar ƙungiya a Yamai mai taimakon manoman gero. Shugabarmu ta ƙwallafa rai a kan abu guda: manomi ya ɗauki hoton zangarniya da salularsa, na'ura ta duba ta gaya masa ko tsutsa ce ko cuta. Wannan kuwa sai masana ƙirƙirarriyar basira, masu koya wa ordinater, wato kwamfuta, gane abu da kansa. Mu ko ɗaya ba mu sani ba. Ta ce mini, "Kai ne kullum cikin Fesbuk, nemo mana mutum biyu kafin damina."

Na rubuta sanarwa da Faransanci, na sa inda masu wannan sana'a ke taruwa. Da a nan na tsaya, da lafiya lau. Amma son a sani ya ja ni, na tura ta gurup ɗin Watsap na 'yan yankinmu Kurfai, har da hotona cikin biro, wato ofis, hannu bisa tebur sai ka ce minista.

Ai kuwa na samu abin da nake nema. Kwana uku salulata ba ta huce ba. Wani ya turo takardar tuƙin mota. Wani ya ce ƙanensa da yatsu goma yake buga rubutu. Wata tsohuwa da ban sani ba ta aiko saƙon murya mai tsawon gaske, addu'a zalla, sai can ƙarshe ta ambaci jikanta. Duk waɗannan dariya suka ba ni, sai da mahaifiyata ta kira daga Filingue.

"Kawunka na nan," in ji ta. "Na kawo mai ruwa, ya ce ba shi sha sai ka ji maganatai."

Maganar ɗansa ce, taubashina. Tare muka tashi, tare muka yi kiwon awaki, duk duniya ba ni da wanda nake sakin jiki da shi kamarsa. Gyaran salula yake a kasuwar Filingue, kuma gwani ne, da shi yake riƙe da mata da 'ya'ya uku. Sai dai gyaran salula daban, abin da muke nema daban, kuma na fi kowa sani.

Kawu ya karɓi wayar. "Ɗan ƙanwata, na'ura ai na'ura ce. Wanda ya iya buɗe cikinta, mi za ya gagare shi? Ka ɗauki ɗan'uwanka."

Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ji kaina ina cewa, "To Kawu, in Allah ya so."

Mako guda na yi ba natsuwa. In rubuta wa taubashina saƙo in goge, in sake rubutawa in goge. In zauna, in tashi, in zagaya biro, har mai gadi ya tambaye ni ko zawo nake. In na ga lambar gida gabana ya faɗi. Ƙarshe na samo wata dabara da na ɗauka wayo ce: in sa sunansa cikin waɗanda za a yi wa tambayoyi. Shugabarmu da wani malamin jami'a su ne alƙalai, su za su ce a'a, ni ba ruwana.

Taubashina ya rufe rumfarsa ranar kasuwa, ya hau mota ta Baleyara har Yamai. Sabuwar shadda ya ɗinka, takardunsa cikin leda ya rungume. Yana shigowa ya dube ni ya ce, "Kai bawana, ashe har da kujera mai juyawa anka ba ka?" Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Sauran masu neman aikin ta bidiyo aka gana da su, shi kaɗai ya zo da ƙafarsa. Malamin ya tambaye shi da wane yaren ordinater yake aiki. Ya tambaye shi yadda zai shirya hotuna don koya wa na'ura. Sai gumi ke bin wuyan sabuwar rigar. Can ya ce a hankali, "Ni dai gyara na iya." Shugabarmu, don ta rufa masa asiri, ta shiga yaba masa sana'arsa da irin muryar da ake lallashin mara lafiya. Wallahi wannan ya fi tambayoyin ciwo. Ni kuwa ina gefe ina ta juya alƙalami.

Da muka fito ya tsaya bakin ƙofa. "Tun da ka sa sunana ka san haka za a yi?"

"Na sani."

"To mi ya hana ka hwaɗa min? Ni da kai?"

Na ce nauyin Kawu nake ji.

"Ka ji nauyin tsoho," ya ce, "ni kuma ka kawo ni gaban baƙi." Na ce in kai shi tasha, ya ce ya san hanya.

Mun ɗauki wata 'yar Damagaram da wani da ya gama karatu a waje, aiki ya yi kyau. Ni dai ina jiran faɗan Kawu. Kwana biyu sai ga kiransa, na ɗauka.

"Ɗan ƙanwata, ka yi haƙuri da yaron ga. Ya ce an ba shi aikin, shi ne ya ƙiya, wai Yamai ba ta yi mai ba. Kai ka yi naka, shi ya watsa maka ƙasa a ido."

Kun san abin da na ce? "Ba komai, Kawu."

Na je Filingue na sami taubashina a rumfarsa, na roƙi gafara. Ya daɗe yana ta kwance wata salula kafin ya ce ya wuce, amma da sharaɗi: kada in kuskura in gaya wa tsoho gaskiya, don ya gwammace a ce masa mai taurin kai da a ce an gwada shi ya faɗi.

Tun daga nan na gane abin da na kira kunya tsoro ne kawai, kuma wani na tura ya ɗauki wulaƙancin. Mun shirya, muna wasanmu. Amma har yau duk sallah, in dangi suka taru, sai Kawu ya nuna ni ya ce, "Ga mai zumunci nan, har aikin biro ya samar wa ɗan'uwanai, shi ya ƙi." Ya sa a yi mini addu'a. Kowa ya ɗaga hannu, taubashina ma ya ɗaga, kuma muryarsa ce ta fi ta kowa ƙarfi wajen cewa amin.