Takardar da Na Hana Ka Rubutawa, Malam Ashiru

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga watan Oktoban 2025, bayan sallar azahar, ɗanka Mudassir ya kira ni ina Kankia ya ce Allah Ya karɓi abinSa. Kafin la'asar na isa Dudunni, muka sallace ka, muka kai ka makwancinka. Malam Ashiru, taubashina kuma abokin tasowata, na zauna in yi maka ta'aziyya kamar yadda aka saba, sai na tarar ɓacin rai ya riga hawaye zuwa. Ka yi mini uzuri.

Wanda bai san ka ba zai yi mamakin abin da ya kai ɗan manomin gero bakin teku. Shekara ashirin da bakwai ka yi a wani ɗan ƙaramin filin jirgin sama can kudu, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Jirgi uku ko huɗu ke sauka a wuni, duk ɗauke da 'yan yawon buɗe ido masu zuwa otal-otal na gaɓar ruwa. Da yankan ciyawa ka fara. Sai aka lura duk gefen da kake aiki tsuntsu ba ya zama, aka ba ka aikin korar tsuntsaye daga titin jirgi, don tsuntsu guda in ya faɗa injin yana iya kayar da jirgi da mutanen cikinsa.

A gonar kakanmu ka koyi aikin, lokacin da ake ɗora mu kan rumfa mu tsare gero daga tsuntsayen jan-baki. Ni barci nake yi, kai kana jan igiyar gwangwanaye kana wurga majajjawa. Abin da ka kai musu ke nan. Ka san lokacin da balbela ke tasowa in ruwan teku ya janye, ka san tsawon ciyawar da ke hana ta sauka, kuma ba ka taɓa yarda a zuba guba ba. Kullum da ka idar da asuba sai ka taka titin nan daga farko har ƙarshe kana tsince duwatsu da ƙusoshi. Nakan tsokane ka in ce an tura ka neman arziki ka koma gadin gero, kai kuma ka ce ai geron naka yana da fasfo. Duk shekarun nan ko sau ɗaya ba ka hau jirgi ba, kwana biyu kake yi a mota in za ka zo gida.

Ɗakinka masaukin mutanen Kusada da Kankia ne. Babu ɗan kasuwar da ya je yankin ya kwana a tasha kana raye. Haka ka ɗauki Sagir, ɗan maƙwabciyarku Inna Rauda, bayan ya gama sakandare yana zaman banza. Ka roƙa masa aiki, ya ci tuwon matarka Sa'a shekara shida, ka tsaya masa har ya yi aure. Da yake shi yana da turanci, ya yi ta hawa har ya shiga ofis, kai kana rana. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba, alfahari ma kake yi da shi.

Shekara uku da suka wuce wani otal ya fara zubar da sharar kicin da kayan cikin kifi a bayan wayar shingen filin, kuma da izinin manajan filin. Shirwa da hankaki suka yi sansani a wurin. Ka san abin da zai biyo baya. Wata ma'aikaciyar kashe gobara ta ba ka shawara ka rubuta rahoto ka ajiye kwafi. Ni ka kira, tunda ni ne malamin makaranta, ka ce in tsara maka shi da turanci.

Na hana ka. Na ce ba a kai maigida ƙara a takarda, tonon asiri ne. Mutumin da ya zo ɗaurin auren 'yarka Shamsiyya ya cancanci a yi masa kara. Na ce ka same shi a gida, ka gaishe shi, ka faɗa masa a hankali kamar yadda ake yi wa babba. Ka ce gaskiyata. Sau uku ka je gidan manajan nan, kowane zuwa da Sagir a matsayin tafinta, kuma duk ranar da ka dawo sai ka kira ni ka ba ni labari. Kullum amsar ɗaya ce, wai za a duba.

Ba a duba ba. Wata safiya jirgi mai mutum arba'in da 'yan kai ya yunƙura zai tashi, ya afka cikin garken shirwa, injin guda ya mutu. Allah Ya kiyaye, matuƙin ya juyo ya sauka, ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Aka kafa kwamiti. Ka ce ka yi gargaɗi, suka ce ina takarda. Manaja ya ce bai taɓa jin zancen ba. Aka juya ga Sagir, mutum ɗaya tilo da ya ji komai da kunnensa, ya kuma fassara da bakinsa. Sagir ya ce shi dai rakiyar gaisuwa ya sani, bai tuna an yi maganar shara ba.

Manajan ban damu da shi ba, kujerarsa ya kare, kuma ba namu ba ne. Sagir ne ya ci amanarka. Aka kore ka bisa laifin sakaci, aka manna sunanka a allon sanarwa inda kowa ke wucewa. Kafin wata biyu an kwashe sharar a ɓoye, an kuma ba Sagir shugabancin sashen.

Ka dawo Dudunni ka ja bakinka. Na so in je in zazzage wa Inna Rauda abin da ɗanta ya yi, ka ce tsohuwa ce, kada a hana ta barci. Ni ma ba ka taɓa ce mini ga abin da shawararka ta jawo ba, kuma da ka faɗa da ya fi mini sauƙi. Da kakar bara na same ka a gona, jan-baki sun sauka kan geronka suna ci, kana zaune gindin gawo kana kallonsu. Na ce maka lafiya? Ka ce, "Bar su, Sodangi. An rubuta ban iya ba." A ranar na gane abin ya ci ka fiye da yadda muke zato.

Ranar addu'ar uku sai ga Sagir da wasiƙa a ambulan, ya miƙo mini na karanta. Hukumar filin ce ta aiko da wasiƙar ta'aziyya, da hatimi da sa hannu, tana cewa ka kasance ma'aikaci mai ƙwazo da riƙon amana. Ashe sun iya rubutu in mutum ya mutu. Na ja shi gefe na tambaye shi ko yanzu ya tuna. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ina da iyali." Na ce masa ai kai ma, Malam Ashiru, kana da su lokacin da ka raba masa tuwonsu. Sa'a ko taɓa ambulan ɗin ba ta yi ba, ta ce a mayar masa.

To, ga takardar da suka nema, ko da ta makara. Ni, Sodangi Abdullatif Kankia, malamin makaranta mai ritaya, na shaida cewa Malam Ashiru Dudunni ya yi gargaɗi sau uku a kan sharar nan kafin abin ya faru. Ya nemi ya rubuta, ni na hana shi. Ba sakaci ya yi ba, kunya ya ji, kuma ni na koya masa inda zai ajiye ta. Na sa a fassara wannan, zan aika wa hukumar filin, kwafi guda kuma yana hannun Mudassir, don jikokinka su san ko wane ne kakansu. Sagir yana da sauran numfashi, in ya ga dama akwai wurin sa hannu a ƙasan sunana.

Allah Ya jiƙanka, Malam Ashiru, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa mutanen da suka sauka lafiya ta dalilinka ba su ma san da kai ba su zame maka nauyi a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Sa'a, da Mudassir da Shamsiyya da ƙannensu, da ɗaukacin mutanen Dudunni. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya bayansa. Ni kuma ku roƙa mini gafara, don wanda ya kamata in nemi yafiyarsa na bari har ya tafi ban buɗe baki ba. Allah Ya sa mu cika da imani, amin.